Tukunyar Wuri

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na gundumar Gazawa, cikin jihar Maraɗi. Da rani muke karatu, bayan an gama kai amfanin gona gida. Ajinmu rumfar kara ce. Muna da allo ɗaya, da alli, da tabarmi huɗu.

Akwai wata kalma da nake son rubutawa a allo kowace shekara. Baƙaƙe biyu ne da wasula biyu: w, u, r, i. Sai in ce, wa zai karanta mana? Wani ya ce, "Wuri, inda mutum ke zama." Wani ya ce, "Da wuri, kamar sammako." Sai tsofaffi su yi dariya su ce, "Wuri, kuɗin da." Rubutu ɗaya, ma'ana uku. Murya ce ke raba su.

Yau labarin wuri na uku zan ba ku, domin saura kaɗan ya raba wani ɗalibina da abincin gidansa.

Baƙon dare

Ɗalibin nan dattijo ne. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, Baba nake ce masa. Ba ya fashin karatu. Sai ga shi ya yi kwana uku bai zo ba. Ran na huɗu, bayan isha'i, ya yi sallama a ƙofar gidana. Muka gaisa. Ya duba dama, ya duba hagu, sannan ya kwance bakin rawaninsa. Sai ga wuri cike da tafin hannu.

Ya ce, "Malam, magana gare ni, amma ta tsaya tsakaninmu."

Na ce, "Ina jin ka, Baba."

Ashe ya je kufai ne haƙar ƙasar tubali. Yana cikin haƙa sai ya ci karo da wata tukunya, an rufe bakinta da tsingaro. Da ya buɗe, wuri ne fal. Ran kasuwa ya nuna wa wani baƙo guda biyar. Baƙon ya ja shi gefe, ya ce masa kuɗin aljanu ne. Ya ce wuri yana haihuwa. In an yanka baƙin rago, an ba shi jikka 60 na turare, an kulle tukunyar a ɗaki kwana bakwai, to za ta cika da takardun sefa.

Baba ba ya da jikka 60. Abin da yake da shi awaki biyu ne da damin hatsi goma a rumbu. Gidansa kuwa da mata, da jikoki huɗu, ga damina da saura.

Ya ce, "Gobe ni ka saida awakin, in ƙara da dami biyar. Amma na ce bari in ji ta bakinka, kai da ka yi lakkwal."

Gabana ya faɗi. Ba a ce wa dattijo an yi maka ƙarya kai tsaye. In na faɗa haka, zai ji kunya, ya tafi ya yi abinsa a ɓoye. Sai na ce, "Baba, aljanu halittar Allah ne, wannan babu gardama. Amma wanga abu na san mai shi. Ka dakata da awakin. Zo mu karanta shi kamar yadda muke karanta allo."

Ni ma da ina yaro dutse na ɗauke shi. Kakata tana da guda uku a jikin layar wuyanta. Sai da na shiga kwaleji a Agye, malaminmu na kimiyya ya ajiye wuri da katantanwa a kan tebur, ya ce mana dangi ne. Tun daga ranar nake bin labarinsa duk inda na gani a takarda. Na kunna fitila, muka zauna. Abin da na nuna wa Baba shi zan nuna muku.

Mu duba shi da kyau

Ku nemi wuri guda ku riƙe. Kun san dodon koɗi da muke gani a bakin tabki da damina, yana jan gidansa a baya. To, wuri gidan wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ne na teku. Mai gidan ya mutu, ya bar kango.

Tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, wajen santimita 2, babba ya kai 3. Bayansa da doro. Gefensa da kauri, wani har da ƴan ƙulalai. Ku kifa shi ku ga cikinsa. A shafe yake, da doguwar tsaga daga wannan kai zuwa wancan. Tsagar tana da haƙora a ɓangare biyu. Ita ce ƙofar gida. Ta nan mai gidan ke fitowa, ta nan yake komawa in ya ji tsoro. Ƙofar matsattsiya ce, ba ta ba maƙiyi hanyar shiga da sauƙi.

Baba ya ce, "To wa ya goge shi haka, yana santsi kamar tangaran?"

Babu wanda ya goge shi. Dabbar tana da wata fata mai laushi, kamar mayafi. Tana fito da ita ta cikin tsagar, ɓari ɗaya ta dama, ɓari ɗaya ta hagu, su haɗu a kan doro, su lulluɓe gidan duka. Fatar nan ce ke gina gidan. Tana zuba masa sabon shafe a kai a kai, kamar macen da ke yi wa ɗakinta yaɓe tana gogewa. Shi ya sa datti ba ya kama shi. Abin da take ginin da shi kuwa, irin abin da ke cikin ɓawon ƙwai ne.

Yana ƙarami, gidansa ba kauri, kuma a murɗe yake kamar na katantanwa, da faffaɗan baki. In ya girma sai leɓen bakin ya lanƙwasa ciki, haƙora su fito, murɗin ya ɓoye. Daga nan ba ya ƙara tsawo, sai dai kauri. Ke nan duk wuri mai haƙora da kuka gani, baligi ne.

Muka baza na Baba a tabarma, sai muka ga iri biyu ne. Wani fari ne mai ɗan rawaya, da ƙulalai a gefe. Masana suna ce masa Monetaria moneta, wato na kuɗi. Wani kuma doronsa ruwan toka ne, da wani siririn zobe mai ruwan goro kewaye da shi. Shi ne Monetaria annulus, wato mai zobe. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Inda yake zama

Wuri ba ya rayuwa a tabki, ba ya rayuwa a gulbi. Ko an cika Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi da ruwa shekara da shekaru, ba zai zauna ba. Sai ruwan gishiri mai ɗumi. Ana samun shi a tekun Indiya da tekun Fasifik, har da Bahar Maliya, tekun da alhazai ke gani a Jidda.

Ba ya son zurfi. Mazauninsa bakin teku ne, inda ruwa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. A can ruwa yana cika yana janyewa kullum. In ya janye, sai a bar ƴan kududdufai tsakanin duwatsu. A nan yake laɓewa, ƙarƙashin dutse, ko cikin ramukan murjani, ko cikin ciyawar ruwa. Da rana ya fi son ɓuya. Da dare sai ya fito kiwo. Yana tafiya a hankali bisa ƙafa ɗaya mai faɗi. Yana da ƴan ƙahoni biyu masu laushi, da ido a gindin kowane. Abincinsa gansakuka ce. Yana kankare ta daga jikin dutse da harshensa mai kaushi kamar magagari.

Na ce wa Baba, "Baƙon nan ya faɗi gaskiya guda: wuri yana haihuwa. Amma da ransa, kuma a teku."

Akwai mace, akwai namiji. Macen tana saka ƙwai masu yawa a jikin dutse, ta hau ta rufe su da ƙafarta, kamar kaza mai kwanci. Tana nan har su ƙyanƙyashe. Ƴaƴan ƙanana ne ƙwarai, ido da ƙyar yake ganinsu. Ruwa ya yi ta yawo da su, sannan su sauka ƙasa, kowa ya ci gaba da gina gidansa.

Na ce, "Baba, in ka tara ɓawon ƙwai ka kulle a ɗaki kwana bakwai, za ka sami tsaki?"

Ya yi shiru. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "To in na teku ne, mi ya kawo shi kufanmu?"

Yadda ya zo ƙasarmu

Wannan tambaya ce mai kyau. Farin nan mai ƙulalai, yawancinsa daga tsibiran Maldib ya fito. Suna tsakiyar tekun Indiya, kudu da ƙasar Indiya. Tsakaninmu da su ya fi kilomita 7,000. Tsibiran sun fi dubu, mutanensu Musulmi ne.

Ga yadda suke kama shi a da. Sai su saro ganyen kwakwa, mai kama da na dabino, su shimfiɗa cikin ruwa mara zurfi. Dabbobin su hau su manne. Sai a jawo ganyen bakin gaɓa, rana ta kashe su. A binne su cikin rairayi har naman ya ruɓe. A tone, a wanke, a shanya. Kuɗi sun samu.

Wani matafiyi mutumin Maroko, Ibn Batuta, ya zauna a tsibiran nan wajen 1343. Ya ga ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya. Bayan kamar shekara goma ya zo Mali da Gawo. Can ya tarar wuri 1,150 ne dinari ɗaya. Kun ga abin da nisa ke yi. Abin da yake kamar tsakuwa a garinsu, a wani gari dukiya ne.

Da farko ta hamada ake kawo shi, bisa raƙuma. Daga baya jiragen ruwan Turawa suka shiga cinikin. Mutanen Holan da na Ingila suna ɗauko shi su kai ƙasarsu, sannan su sauke shi a bakin tekunmu na yamma, irin su Wida. Tsakanin 1700 da 1790 sun kawo wajen miliyan dubu goma. Akwai abin baƙin ciki a nan, ba zan ɓoye muku ba. Da yawan wurin nan mutane aka saya da shi. An ba da kangon dodon koɗi, an karɓi ɗan Adam, an ƙetara da shi teku, bai sake ganin gida ba.

Daga bakin teku fatake suka hau da shi arewa. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Kalmar kuɗi ma asalinta jam'in wuri ce: guda ɗaya wuri, masu yawa kuɗi.

Me ya sa aka yarda da shi? Ku sake duba jikinsa. Ba ya ruɓa. Gara ba ta cinsa. Ba ya saurin fashewa. Duk kusan girmansu ɗaya. Maƙeri ba ya iya ƙera na jabu. Kuma da shi talaka zai iya sayen ɗan abu kaɗan, gishiri ko daddawa.

Labarin ya zo har ƙofar gidanmu. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Tasawa, daga nan ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano. A Tasawa ya ga yadda ake ƙirgar wuri. Biyar biyar ake ja da yatsu. Ashirin ita ce hauya ɗaya. Hauya goma, wato 200, sai a yi tsibi. Ya ce sai da mutum biyar ko shida suka taimaka kafin a ƙirga 500,000. Ana kuma ɗura 20,000 a jakar tabarma, abin da Hausawa ke ce wa keso. Nauyin keso ya fi kilo 20. A Kano, a shekarar nan, wuri 2,500 ne dala ɗaya ta azurfa.

Yadda darajarsa ta faɗi

Yanzu mu koma kan mai zobe. Shi ya fi yawa a bakin tekun gabashin Afirka, wajen Zanzibar. Daga 1845 ƴan kasuwar Jamus suka fara kwaso shi jirgi jirgi. Ya fi na Maldib araha nesa ba kusa ba. Wuri ya cika kasuwa. Abin da ya yi yawa kuwa, kun san makomarsa. Kaya suka yi ta tsada. Ya zamana kuɗin doki guda sai an nemi ƴan dako da yawa su ɗauka.

Sannan Turawa suka ci ƙasa. A 1904 Ingilishi suka hana shigo da wuri Nijeriya. Faransawa kuma suka ce lanho sai da tamma. Mai keso goma ya wayi gari dole ya nemi kuɗin Nasara. A hankali kasuwa ta bar wuri. Ya koma kayan ado da na laya, da na ƴan kokowa, da na ƴan bori. Sefa da muke kashewa yau sai 1945 aka ƙirƙiro ta. Ita ma mun ga an rage mata daraja da rabi a watan Janairu na 1994. Ina yaro lokacin, amma ban manta yadda kuɗin sukari da magani suka tashi ba.

Da na kai nan, dare ya yi nisa. Baba ya ɗauki wuri guda mai zobe, ya kai shi kusa da fitila, ya daɗe yana juya shi.

Ya ce, "Ke nan wagga tukunya ta hi shekara ɗari a ƙasa?"

Na ce, "Ga alama, Baba. Masu zobe sun yi yawa a ciki, da wuya a ce kafin 1845 aka binne ta. Kuma an daɗe da daina ajiyar wuri."

Sai ya ce, "Shekara ɗari a ruhe, ba wanda ya taɓa. In da yana haihuwa, ai da tuni tukunyar ta hwashe."

Ya ƙara yin shiru. Can ya ce, "Kuma ga shi jibge wurin ƴan koli. Mi ya hana shi baƙon ya saye, ya kulle a ɗakinshi?"

Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Shi ya kai kansa.

Abin da muka yi da tukunyar

Washegari Baba ya zo aji, jikansa na biye da shi ɗauke da tukunya. Shi da kansa ya ba da labari, bai rage komai ba, har maganar baƙin rago. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sai wani ya sunkuyar da kai, ya ce an taɓa yi wa ƙanensa irin haka a wani ƙauye wajen Gidan Rumji, kuma shi ya biya. Dariya ta tsaya.

Ran nan ba mu yi karatu ba, lissafi muka yi. Muka juye tukunyar a tabarma. Muka ƙirga kamar mutanen da: biyar biyar, hauya hauya, tsibi tsibi. Muka sami tsibi 38. Na ce, wa zai hau allo? Baba ya tashi ya karɓi alli. Hannunsa na rawa, ya rubuta 38 sau 200. Ya daɗe. Sannan ya rubuta 7,600. Daidai ne.

Muka raba da 2,500, irin canjin Kano na zamanin Barth. Dala uku ta azurfa, da ragowar wuri 100. Ashe ba taskar sarki ba ce. Ajiyar talaka ce irinmu.

Wannan ya taɓa zuciyata. Na yi ta tunanin mai tukunyar. A raina mace nake gani, mai saida fura ko mai kaɗi, tana tara biyar yau, goma gobe, don auren ɗiyarta. Ta binne don tsoron hari ko ɓarawo. Ba ta dawo ta tone ba. Ɓarawo bai ci ba, gara ba ta ci ba, amma zamani ya cinye. Wurin yana nan da haƙoransa da santsinsa, sai dai ko ƙwaryar hatsi ba a auna maka da shi a kasuwa.

Baƙon ya dawo ran kasuwa, ya tarar da Baba. Baba ya ce masa, "Na ji wuri yana haihuwa, amma sai cikin ruwan gishiri. In ka samo mini teku, sai mu yi magana." Ba mu sake ganinsa ba.

Baba ya saida rabin wurin ga wani ɗan koli, ya sami na goro da na sabulu. Ya ba jikokinsa mata kaɗan don ado. Sauran ya bar wa aji. Har yau da su muke koyon tarawa da ɗebewa. Awakinsa kuwa, da damina ɗaya ta haifi biyu. Hatsinsa ya kai su har sabo.

Ƴan uwa, in wani ya zo muku da abin mamaki, yana neman ku saida abin hannunku, kada ku yi gaggawa. Ku duba abin da kyau. Ku tambayi sunansa, da inda ya fito, da wanda ya yi shi. Ku yi shawara da wanda kuka yarda da shi. Karatu ba a takarda kaɗai yake ba.

Bana ma na rubuta kalmar nan a allo. Baba yana zaune gaba. Kafin kowa ya buɗe baki ya ce, "Wuri: gidan dodon koɗi na teku."

Tambayoyi

1. Wace dabba ce ke gina wuri, kuma a ina take zama?
2. Me ya sa jikin wuri yake da santsi?
3. Mene ne bambancin wurin Maldib da na Zanzibar?
4. Hauya nawa ce a cikin wuri 200? Tsibi nawa ne a cikin keso ɗaya?
5. An taɓa zuwa garinku da irin maganar baƙon nan? Yaya aka ƙare?